Tambaya da Amsa: Tafiyar Keke Zuwa Ƙasar Zuru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jega, kuma ina da niyyar zuwa Zuru a kan keke idan an yi hutu, ta hanyar Koko da Mahuta da Dabai. Kekena Phoenix ne mai giya ɗaya, ga shi an ce mini ƙasar Zuru duwatsu ce da tuddai. Shin ƙarfin ƙafa zai wadatar, ko sai na sauya keke?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka ta burge ni, amma shawarata ita ce ka sauya keken, domin a kan tudu giya ce ke aiki fiye da ƙwanji. Irin keken da kake da shi yakan zo da haƙora kimanin 44 a farantin gaba da 18 a baya, wato duk zagaye ɗaya na feda sai tayar baya ta juya fiye da sau biyu. A shimfiɗaɗɗiyar hanyar Jega wannan daɗi ne, amma da zarar hanya ta miƙe sama, ga kaya a kariya, gwiwa ce za ta biya kuɗin. Keken hawan dutse mai haƙora 22 a gaba da 32 ko 34 a baya yana bai wa mutum damar ci gaba da murza feda a hankali yana zaune a kan sirdi, ko da saurinsa bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya kama ka, saboda sauyawa ana tsakiyar dannawa da ƙarfi takan lalata sarƙa. Inda hawan ya gagara kuwa, sauka a tura ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne gangara, wadda masu shirin tafiya ba su cika tunawa da ita ba. Keke mai kaya yana ɗaukar gudu nan da nan, kuma riƙe birki ba sakewa a doguwar gangara yana zafafa ƙarfen taya har robar birki ta daina kamawa sosai, wani lokaci ma taya ta fashe. Ka riƙa kamawa kana saki, da birkin gaba da na baya tare, kuma ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Kayanka a raba su gida biyu a rataya ƙasa-ƙasa a gefen tayar baya, kada a tula su a sama.

Game da lokaci, ka zaɓi hutun Disamba. A Maris da Afrilu zafin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma hawan tudu a cikinsa haɗari ne ga lafiya. Ka tashi bayan sallar asuba, ka huta da hantsi ya yi zafi, ka tanadi ruwa da haɗin gishiri da sukari, sannan famfo da kayan faci da sifana.

Sai batun tsaro, wanda ba zan ɓoye maka ba: sassan masarautar Zuru sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ka nemi abokin tafiya, ka tambayi direbobi a tashar Koko halin da hanya take ciki a ranar, kuma kada magariba ta same ka a daji.