Maƙwabcina Kirista ya yi rashi

Tambaya: Malam, mahaifiyar maƙwabcina Kirista ta rasu. Shi ya kai matata asibiti cikin dare da naƙuda ta kama ta, ba na gida. Abokaina sun ce kada in je ta'aziyya. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tashi ka je yau. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe ka kan addini ba. A shekarar 615, Najashi, sarkin Habasha, Kirista ne, shi ya ba sahabbai mafaka da Makka ta yi musu zafi. Su abokan naka, ina suke a daren naƙudar? Ka zauna kusa da shi, ka ce Allah ya ba shi haƙuri, ka tambaye shi ko akwai aiken da za ka ɗauke masa.