Tambayi Likita: Yoyon Ruwan Matsarmama da Bututun Ƙarfe

Tambaya: An cire wa maigidana matsarmama, amma har yanzu wani ruwa kore-kore yana zubowa ta robar da aka bar masa a ciki. Sun ce za a sa masa bututu. Wata tiyatar ce kuma? (Wata baiwar Allah daga Agege, Legas)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ruwan nan hanta ke yin sa, yakan haura rabin lita a rana, ya bi wata siririyar hanya zuwa hanji. Idan hanyar ta samu rauni lokacin aiki, sai ta riƙa yoyo. Galibi ba a sake yanka ciki. Ta baki ake zura na'ura mai kyamara har farkon hanji, aikin da ake kira ERCP, a ajiye bututu a hanyar domin ruwan ya gangara hanji, raunin ya samu sararin rufewa. Da na roba ake farawa, kuma yana wadatar da mafi yawan marasa lafiya.

Tambaya: Sau biyu ana sa mini na roba, yoyon bai tsaya ba. Na ƙarfen kuwa akwai tsada. Ya cancanci kuɗinsa? (Ɗan kasuwa, Mile 12)

Amsa: Alhaji, irin matsalarka ce ake ajiye shi domin ta. Ana ƙera shi da nitinol, gamin nikel da titaniyom. A matse ake shigar da shi, ya buɗe da kansa har milimita 8 zuwa 10, kusan ninki uku na faɗin na roba. Abin da zan jaddada shi ne ya kasance mai rufi gaba ɗaya. Rufin ne ke toshe inda ke yoyo, shi ne kuma ke ba da damar zare shi daga baya. Marar rufi nama kan shige cikin ragarsa ya riƙe shi, shi ya sa aka fi amfani da shi ga masu ciwon daji. Sai dai mai rufin yakan goce daga inda aka sa shi, ERCP ɗin kanta kuma takan jawo kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ba kowane asibiti a Legas ke yin aikin ba, don haka nemi likitan ciki da hanta, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, ya nuna maka inda za ka dosa.

Tambaya: Zan iya tafiya gida Arewa da shi a jikina? (Matashi daga Alaba Rago)

Amsa: Za ka iya, amma ka riƙe ranar cirewa. Makonni ko 'yan watanni ake barin sa. Mutane kan ji sauƙi su manta, bututun ya toshe. In ka ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko shawara ta fito a ido, ka nufi asibiti a ranar, da takardar aikin a hannu.