Hoto na fita a talabijin, sauti shiru

Malam, ka ce ka haɗa kwamfutarka da talabijin a gida nan Gusau, hoto ya fito tas, amma sifikun hom tiyata ko tari ba su yi.

Fara duba wayar da ta haɗa kwamfutar da talabijin. In mai shuɗin kai ce mai kusoshi biyu, VGA ke nan, hoto kaɗai take ɗauka. Nemi HDMI, wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare.

In kuwa HDMI ce, galibi laifin Windows ne, ta bar sautin a sifikar kwamfuta. Danna alamar sifika kusa da agogo, ka zaɓi sunan talabijin. Daga nan sauti zai bi ta ramin da aka rubuta ARC a bayan talabijin zuwa hom tiyata, in ka haɗa su da wata wayar HDMI ta wannan ramin. Mutane da yawa sukan soka wayar hom tiyata a ramin da ke kusa da shi, su yi ta zargin kaya. In har yanzu shiru, shiga saitin sauti na talabijin, ka mayar da nau'in sautin da yake fitarwa zuwa wanda aka rubuta PCM.

Kada ka cire ko ka soka waya janareta na rawa, haka ramuka ke ƙonewa. In ka ji ƙauri ko ramin na girgiɗi, kai wa mai gyara, kada ka buɗe da kanka.