Tambaya da Amsa: Me Tsofaffin Wasannin Kwaikwayo Ke Yi a Gidan Yari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da adabi, kuma na ji labarin cewa a wasu ƙasashe ana koya wa fursunoni wasannin kwaikwayo na dauri irin na Shakespeare da na Girkawa. Shin da gaske ne, kuma yaya ake tsara irin wannan aiki? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da gaske ne, kuma abin ya daɗe. A shekarar 1988 Armando Punzo ya shiga gidan yarin Volterra da ke ƙasar Italiya ya kafa ƙungiyar wasa da ɗaurarru, wadda har yau take aiki, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta wasan kwaikwayo a birnin Benis. A Amurka kuma, Curt Tofteland ya fara shirin Shakespeare Behind Bars, wato koya wa fursunoni wasannin Shakespeare, a 1995 a gidan yarin Luther Luckett da ke jihar Kentaki.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne dalilin zaɓen tsofaffin wasanni. Mutumin da ya zubar da jini ko ya ci amanar ɗan'uwansa ba kasafai yake iya buɗe baki ya faɗi abin da ya aikata ba, amma idan aka ɗora masa rawar wani sarki ko sarkin yaƙi da ya yi irin wannan aika-aika ƙarnoni da suka wuce, sai ya sami inuwar da zai fake a ciki ya furta abin da ke cin ransa. Shi ya sa a Kentaki ba a raba wa mutane rawa, su ne suke zaɓa da kansu, kuma sau da yawa mutum yakan ɗauki wadda ta fi kusa da laifinsa. A ganina wannan ita ce ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya.

Ki dubi Antigone, wasan da marubucin Girka Sofokilis ya rubuta fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Sarki Kiriyon ya hana a binne gawar wani da ya yaƙi garinsu, ƙanwar mamacin kuwa ta ce ba za ta bar ɗan'uwanta a fili tsuntsaye su ci ba, ta je ta zuba masa ƙasa alhali ta san ranta ne a bakin hakan. Fursunonin siyasa sun yi wannan wasa a tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, kuma Nelson Mandela ne ya fito a matsayin Kiriyon, wato wanda hukuma ta ɗaure shi ne ya tsaya yana magana da bakin hukuma. Duk wanda ya san nauyin suturta mamaci ba ya bukatar dogon sharhi kafin wasan ya shige shi.

Ta fuskar tsari, abu na farko shi ne lokaci. A Kentaki ana shafe kimanin wata tara a kan wasa guda, ana zama a da'ira ana karanta baiti, a warware ma'anarsa, a tattauna, sannan a tashi a gwada. Ziyarar mako biyu a ɗauki hoto a tafi ba ta gyara kowa, hasali ma tana iya fama wa mutum tsohon miki a bar shi da shi. Harshe ma yana da muhimmanci: a gidan yarin Rebibbia na birnin Rum, inda Fabio Cavalli ya jagoranci wasan Julius Caesar na Shakespeare, kowane ɗan wasa ya faɗi maganganunsa da karin harshen yankinsu, ɗan Nafoli da nasa, ɗan Sisili da nasa, kuma fim ɗin da aka yi a kan wannan aiki ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Balin, babban birnin Jamus, a 2012.

Sai kuma abubuwan da gidan yari kansa ke tilastawa. Ba a shiga da wuƙa ko takobi ko da wasan na kisa ne, maza ne ke fitowa a rawar mata, kuma ana iya wayar gari a tarar an sauya wa babban ɗan wasa gida ko an killace shi saboda horo, don haka kowace rawa tana bukatar mutum na biyu da ya haddace ta. Dole ne kuma a jawo gandirobobi a jiki tun farko, domin mabuɗin ɗakin gwaji a hannunsu yake.

Idan kina tunanin gwadawa a Najeriya, inda dokar 2019 ta mayar da sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ki sani cewa mafi yawan mazauna ciki masu jiran shari'a ne, waɗanda ba a san ranar fitarsu ba. Zai fi kyau ki fara da waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, da izinin hukuma a rubuce, da ƙaramin rukuni, da fage ɗaya tak wanda kika mayar Hausa tare da su.