Amsa ga ɗan'uwan da apt ya ƙi yi wa aiki a cikin chroot

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wuta ta ɗauke kana tsaka da sabunta Ubuntu, kwamfutar ta ƙi tashi, ka tayar da ita da filashi mai ɗauke da Ubuntu, ka jona faifan a /mnt, ka shiga da chroot, amma apt, mai sauko da manhajoji, sai faɗin "Temporary failure resolving" yake yi, dpkg kuma, mai girka su, ya tsaya rabi da rabi. Don Allah kada ka goge komai tukuna, domin na sha gyara irin wannan, kuma da wuya ya kai ga sake ɗora tsarin daga farko.

Tun da chroot ya shigo Unix a 1979, aiki ɗaya tak yake yi, wato sauya wa manhaja wurin da take ɗauka a matsayin tushen fayiloli. Kanel (zuciyar tsarin) da agogo da hanyar intanet duk na tsarin filashin ne. Su kuwa /dev da /proc da /sys da /run, sai tsari ya tashi ake cika su, saboda haka waɗanda ke kan faifanka kusan wayam suke, dole ka ara musu na filashin. Ka fita daga chroot ɗin, ka tabbatar filashin kansa yana samun intanet, sannan ka ba da waɗannan umarni da sudo, wato da ikon mai gudanar da tsarin:

mount --bind /dev /mnt/dev
mount --bind /dev/pts /mnt/dev/pts
mount -t proc proc /mnt/proc
mount -t sysfs sys /mnt/sys
mount --bind /run /mnt/run

Na ƙarshen nan shi ne maganin kukan da apt yake maka. A Ubuntu na yanzu, /etc/resolv.conf manuni ne kawai zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, idan kuma /run babu komai a ciki, manunin yana nuna abin da babu shi, kwamfutar ba ta da wanda za ta tambaya adireshin rumbun manhajoji. Mutane da yawa sukan goge manunin su kwafo fayil daga filashi. Yana aiki a ranar, amma ni ba na so, domin akasari mantawa ake yi ba a mayar da shi ba, sai bayan kwanaki mutum ya sauya Wi-Fi ya ga shafuka sun daina buɗewa, ya rasa dalili.

Kafin ka koma ciki, ka duba /mnt/etc/fstab, fayil ɗin da ke jera ɓangarorin faifai da inda ake jona su. Idan /boot ko /boot/efi suna da ɓangarensu daban a faifai, ka jona su su ma, in ba haka ba sabon kanel zai sauka inda GRUB, mai tayar da tsarin, ba zai gan shi ba.

Da ka shiga, ka fara da dpkg --configure -a domin ya ƙarasa abin da ɗaukewar wuta ta katse, sannan apt-get -f install, sai apt update. Idan wani ƙunshin manhaja ya nace sai ya tayar da hidimarsa (manhajar da ke aiki a bayan fage), ka rubuta ɗan fayil a /usr/sbin/policy-rc.d mai layi biyu, #!/bin/sh da exit 101, ka yi masa chmod +x. Lambar 101 na nufin an hana tayar da hidima. Ka tabbatar ka goge shi idan ka gama.

Akwai abin da ya taɓa cinye mini rabin yini. Wani ɗalibi ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, na jona komai daidai, amma apt ya dage cewa fayil ɗin Release na rumbun manhajoji "is not valid yet", wato lokacinsa bai yi ba tukuna. Na sauya madubin saukarwa, wato rumbun da apt ke ɗauko kaya, har sau uku, datar wayata tana ta ƙonewa, sai can da la'asar na rubuta date, na ga agogon yana baya da shekaru. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a cikin injin ne ya mutu. Na gyara lokacin a wajen chroot, nan take aka wuce wurin. Tun daga ranar, date nake fara bugawa, sannan ls -ld /tmp, wanda dole ya nuna drwxrwxrwt, domin apt yana sauko da kaya ne da sunan _apt, kuma idan an hana shi rubutu a /tmp zai yi ta kukan ya kasa tantance sa hannun rumbun alhali makullan tantancewar lafiya lau suke. Maganinsa chmod 1777 /tmp.

Idan an kammala, ka rubuta exit, sannan umount -R /mnt, kafin ka sake tayarwa. Idan kuma dpkg ya sake tsayawa, ka kwafo mini layuka 20 na ƙarshe na /var/log/apt/term.log tare da abin da lsblk -f ya nuna, in sha Allahu a nan za mu ga sunan ƙunshin da ya maƙale.