Tambaya da Amsa: Ina son yin PhD amma ba kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata kwalejin ilimi ta gwamnati, na gama mastas ɗina, ina son ci gaba da PhD amma wallahi albashin bai kai ko'ina ba. Wata ƙawata ta ce in nemi sikolashif ɗin Chevening. Dan Allah ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya ƙara basira. Chevening kam ki cire ta a lissafi, ta mastas ce kawai ta shekara ɗaya a Ingila, ke kuwa kin wuce nan.

Inda ya kamata ki fara dubawa shi ne TETFund, wato asusun gwamnatin tarayyar Najeriya na tallafa wa manyan makarantu, tunda makarantarku ta gwamnati ce kuma dama akwai kason da ake warewa don ƙaro karatun malamai, sai dai ba kai tsaye ake nema ba, makaranta ce ke tura sunaye, don haka ki je ofishin da ke kula da harkar TETFund a kwalejinku da takardar admishan ɗinki a hannu, kar ki zauna jiran sanarwa a allo. Za ki sa hannu kan yarjejeniyar dawowa ki yi musu aiki bayan kin gama.

In waje kike so, akwai sikolashif na Commonwealth ta Ingila da na DAAD ta Jamus, duka suna ɗaukar masu PhD. Amma fa sai kin zauna kin gyara proposal ɗinki, wato tsarin binciken da kike son yi, sosai, kin samu farfesan da ya yarda zai duba aikinki, nan ne yawancin mutanenmu ke yin sakaci, abin yana damuna ƙwarai. Kuma duk wanda ya ce ki biya shi ya samo miki sikolashif, ki guje shi.