Ƙuri'ar shiga makaranta a Washinton: akwai alfarma a ciki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, muna zaune a birnin Washinton da maigidana da yaranmu. Bana na nema wa ɗana makaranta ta tsarin ƙuri'ar da ake yi a nan, amma bai samu ko ɗaya daga cikin waɗanda na fi so ba, aka sa shi a jerin masu jira. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, maimakon lambarsa ta matso gaba sai ta koma baya, ita kuma 'yar maƙwabciyata da aka nema wa bayan an rufe ta samu shiga. Shin da gaske ƙuri'a ake yi, ko alfarmar da muka sani a gida ce a nan ma? Kuma ina adalci idan karatun yaro ya dogara ga sa'a?

Wata uwa, daga Washinton

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya yaran, ya sa musu albarka. Zarginki ba na banza ba ne, domin an taɓa kama manya a birnin nan suna tsallake layi, kuma zan zo kan wannan. Amma abubuwa biyun da kika gani, wato lamba ta koma baya da kuma wadda ta zo a makare ta shiga, duk suna iya faruwa ba tare da kowa ya yi ha'inci ba.

Tsarin da kika shiga sunansa My School DC, kuma tun 2014 ake aiki da shi. Ya haɗa makarantun da hukumar birni ke gudanarwa da mafi yawan makarantun da ake kira cata, wato waɗanda gwamnati ke biya wa kuɗi amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke riƙe da su. Kusan rabin ɗaliban makarantun gwamnati a Washinton a irin waɗannan suke. Iyaye suna jera makarantu har 12 bisa yadda suka fi so, sai kwamfuta ta ba kowane yaro lamba guda ɗaya ta sa'a, wadda da ita za a auna shi a duk makarantun da aka zaɓa masa. Wanda ya cike takarda ranar farko da wanda ya cike ranar ƙarshe duk ɗaya ne, muddin ba a rufe ba.

Sai dai lambar sa'a ba ita ce farkon abin da ake dubawa ba, kuma a nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Kafin a kai ga lamba, kowace makaranta tana raba masu nema rukuni-rukuni. Yaron da yayansa ko ƙanensa ke karatu a makarantar yana gaba. A ajin 'yan shekara uku da huɗu na makarantun birni, yaron da gidansu ke cikin iyakar unguwar makarantar yana gaba. Wasu makarantun cata suna fifita 'ya'yan ma'aikatansu. Lambar sa'a tana aiki ne a cikin kowane rukuni. Saboda haka yaro mai lamba mara kyau amma yayarsa tana makarantar zai wuce ɗanki ko da lambar ɗanki ta fi tasa kyau nesa ba kusa ba. A makarantun da ake rububi, waɗannan rukunan sukan cinye guraben kusan kakaf kafin a zo kan yaron da ba shi da kowane fifiko.

Jerin masu jira ma da wannan ƙa'ida yake tafiya. Idan wani gida ya nema bayan an yi ƙuri'a, ana sa yaronsu a ƙasan rukuninsa, ba a ƙasan jerin gaba ɗaya ba. Idan yana da fifikon ɗan'uwa, zai faɗo a gaban duk marasa fifiko, sai kowa ya ja baya da mataki ɗaya. Haka ma idan aka ɗauki yaro daga jerin aji huɗu, ƙanwarsa da ke jira a ajin ɗanki nan take ta samu fifiko ta wuce shi. Kafin ki yanke hukunci kan maƙwabciyarki, ki tambaye ta cikin lalama ko tana da wani yaro a makarantar, ko kuma aji ɗaya kuka nema, domin kowane aji da nasa jerin.

Ita kanta hanyar rabon tana da asali mai kyau. Wasu masana lissafi biyu, David Gale da Lloyd Shapley, suka fito da ita a 1962, daga baya Alvin Roth da abokan aikinsa suka ɗauko ta suka gyara wa makarantun sakandaren birnin Niyu Yok a 2003. Kafin gyaran, yara wajen 30,000 ne a shekara suke tashi ba su samu ko ɗaya daga cikin zaɓinsu ba, bayan gyaran adadin ya sauko zuwa wajen 3,000. Boston ta bi sahu a 2005, saboda tsohon tsarinta yana hukunta mai faɗin gaskiya: idan ka sa makarantar da kowa ke so a farko ka rasa, kafin a duba zaɓinka na biyu shi ma ya cika. Iyaye masu ido a buɗe sun gane haka suna lissafi, talaka da baƙo kuwa suna rubuta abin da ke ransu suna faɗuwa. A sabon tsarin, duk gurbin da aka ba yaro na wucin gadi ne har sai an gama zagaye, don haka sa makaranta mai wuya a farko ba ya rage miki komai a ta biyu. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba Roth da Shapley kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012.

To ina alfarmar take shiga? Tana bi ne ta gefen ƙuri'ar, ta hannun wanda aka ba ikon ya ce “wannan yaro na musamman ne”. Dokar Washinton ta ba shugaban makarantun birni damar sanya yaro a wata makaranta ba tare da ƙuri'a ba idan akwai larura. Manufar mai kyau ce, domin akwai yaron da ake cin zalinsa a makaranta, akwai wanda rashin lafiya ta tilasta a sauya masa wuri. Amma a 2017 Sufeto Janar na birnin, wato jami'in da ke binciken ayyukan hukumomin birnin, ya gano cewa Kaya Henderson, wadda ta bar kujerar shugabancin makarantun a 2016, ta yi amfani da wannan dama ta sanya 'ya'yan wasu jami'an gwamnati da mutanen da ke da hanya a makarantun da sauran iyaye ke layi a kansu. Aka yi ta surutu, wanda ya gaje ta, Antwan Wilson, ya kafa ƙa'idar da ta hana yi wa 'ya'yan jami'ai irin wannan. Bayan 'yan watanni sai shi da kansa ya nemi a ɗauke 'yarsa daga makarantar fasaha ta Duke Ellington zuwa sakandaren Woodrow Wilson, wadda yanzu ake kira Jackson-Reed, alhali ba makarantar unguwarsu ba ce kuma ɗaruruwan yara suna jiran gurbi a can. Da magana ta fito a watan Fabrairun 2018, mataimakiyar magajiyar gari kan ilimi, Jennifer Niles, wadda ta taimaka aka yi sauyin, ta ajiye aiki. Kwanaki kaɗan bayan haka shi ma ya sauka, yana da shekara ɗaya kacal a kujerar.

Wannan labari yana ɓata min rai duk lokacin da na tuna shi, saboda uwar da ke aikin dare a asibiti an ce mata ta haƙura da lambarta, shi kuma mai kula da dokar ya ga cewa haƙurin bai shafi gidansa ba. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma Amurka ba ta fita daga wannan ba. Duk da haka ki lura da abin da ya tona asirin. Saboda akwai rubutacciyar ƙa'ida da jeri mai lamba, an iya nuna cewa ga yaron da ya shiga ba ta layi ba, ga waɗanda aka tsallake. A inda shugaban makaranta ne kaɗai ya san yadda aka cike gurabe, babu abin da za a kama shi da shi. Kwamfuta ita kaɗai ba ta isa ba: 'yan'uwanmu na Gana tun 2005 na'ura ce ke raba wa yara makarantun sakandare bisa sakamakon jarrabawa, amma a 2023 'yan jarida masu bincike suka bankaɗo yadda ake karɓar kuɗi ana sauya wa yara makaranta. Abin lura ko'ina shi ne wa ke da ikon taɓa sakamako bayan na'ura ta gama, kuma wa ke duba shi.

Akwai wani fifikon da ya fi duk waɗannan girma, kuma babu wanda zai rasa aikinsa a kansa domin doka ce ta halatta shi. Daga ajin 'yan shekara biyar zuwa ƙarshen sakandare, kowane yaro a Washinton yana da haƙƙin shiga makarantar unguwarsu ba tare da ƙuri'a ba. Makarantun da aka fi rububi da yawansu suna yammacin dajin Rock Creek, inda gidaje suka fi tsada. Mai halin saye ko kama haya a can ya riga ya sayi gurbi tare da gidan. Iyalan gabashin kogin Anakostiya, inda talauci ya fi yawa kuma galibin mazauna baƙaƙen fata ne, su ne suka fi dogara ga ƙuri'a, kuma abin da ake musu ƙuri'a a kai shi ne ragowar kujerun da 'yan unguwa suka bari. Ko yaron ya ci, sai ya yi doguwar tafiya safe da yamma. A ganina wannan ne babban rashin adalcin da ke cikin tsarin, ya fi na jami'i ɗaya ko biyu da suka bi ta bayan fage. Shi ne kuma yake haifar da wata ɓarnar, ta iyayen da ke rubuta adireshin ɗan'uwa ko na aboki. Wannan laifi ne da ake bincika, har an kai iyayen da ke zaune a wajen birni kotu a kansa, don haka ko wani ya ba ki shawarar yi, kada ki kusance shi.

Majalisar birnin ta ɗan taɓa matsalar a 2020, ta amince makarantun cata su riƙa fifita yaran da ke cikin mawuyacin hali, kamar marasa matsuguni, da waɗanda ke hannun riƙon hukuma, da na gidajen da ke karɓar tallafin abinci. Ba kowace makaranta ce ta shiga ba. Wasu iyaye suna ganin wannan ma son kai ne. Ni ban ga haka ba: fifikon da aka rubuta, aka yi muhawara a kansa a fili, kowa ya san sharaɗinsa kafin ya nema, daban yake da wanda ake yi ta waya tsakanin manya biyu.

Game da tambayarki ta ƙarshe, na fahimci zafin. Amma idan kujeru ba su kai yawan yara ba, dole a raba su ta wata hanya. Idan aka ce wanda ya riga zuwa, mai mota da hutun aiki ne zai kwana a bakin ƙofa. Idan aka ce jarrabawa ga ɗan shekara huɗu, aljihun iyaye ake aunawa. Idan aka bar wa shugaban makaranta ya zaɓa, mun ga inda hakan ke kaiwa. Ƙuri'a tsakanin masu haƙƙi daidai ba caca ba ce, ba ki zuba kuɗi don ki ci na wani ba. Alƙur'ani ma ya ba da labarin jefa alƙaluma kan wanda zai riƙe Nana Maryam, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Abin da ƙuri'a ba za ta iya ba shi ne ƙara yawan makarantu masu kyau, kuma a nan ne iyaye ya kamata su matsa wa hukuma lamba.

Yanzu abin yi. Ki yi wa ɗanki rajista a inda aka ba shi kafin wa'adi ya wuce, hakan ba zai cire shi daga jerin makarantun da kika sa a sama ba. Jerin yakan motsa sosai gab da komawa makaranta da kuma makonnin farko na zango, saboda haka ki tabbata lambar wayarki da imel ɗinki daidai suke, domin idan tayi ya zo ba a jira da yawa. Shafin My School DC yana wallafa yawan kujerun da kowace makaranta ta buɗe da yawan tayin da ta yi wa masu jira a shekarun baya, wannan zai nuna miki ko lambar ɗanki tana da kyakkyawan zato. Kina kuma iya ƙara wasu makarantun ko bayan ƙuri'a. Idan za ki sake nema baɗi, ki jera su bisa gaskiyar yadda kike so, ki haɗa da waɗanda ba a cika rububinsu ba bayan kin je kin gani da idonki. Idan kuwa kin tabbatar maƙwabciyarki ba ta da kowane fifiko, kuma aji ɗaya kuka nema, ki rubuta wa ofishin My School DC ki nemi bayani a rubuce kan dalilin motsin lambar ɗanki. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, birnin yana da ofishin karɓar koken iyaye kan makarantun gwamnati, akwai kuma ofishin Sufeto Janar, wanda shi ne ya binciki maganar 2017.